Hukuncin cin ngapi da abincin teku na mutanen Rakhine

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kuala Lampur, ƙasar Malesiya. Maƙwabcina a bene ɗan ƙabilar Rakhine ne daga ƙasar Bama, mabiyin addinin Buda. Matarsa kan aiko mini da taliyar shinkafa a romon kifi, suna ce mata mont di, wani lokaci da ƙaguwa ko jatan lande. A komai suna saka wani abu mai wari da ake kira ngapi. Wani abokina ɗan Rohingya, wato Musulmin jihar Rakhine, ya ce ngapi bai halatta ba don kifi ne da ya ruɓe, ƙaguwa ba a cin ta, kuma bai dace in ci daga hannun mutanen da suka kore su daga gida ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ci abincin nan. Halal ne, da sharuɗɗan da za su zo.

Jihar Rakhine tana yammacin Bama, ta miƙe a gaɓar Tekun Bengal, babban birninta Sittwe yana daidai inda kogin Kaladan ke faɗawa teku. Mutanen da suke zaune a irin wannan wuri shinkafa da kifi ne cimarsu, kamar yadda tuwo da miya suke a wurinmu. Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta muku farautar teku da abincinsa. Imamu Malik ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an tambayi Annabi (SAW) game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A kan haka Malikawa suka tafi: duk abin da ke rayuwa a ruwa ana ci, ba ya buƙatar yanka, ko da an same shi matacce, ko da yana daɗewa a tudu kamar ƙaguwa. Tunda babu yanka, ba a duba addinin wanda ya kama shi. Wannan ya haɗa da dogon kifin nan mai kama da maciji da suke yin romon mont di da shi.

Abokinka bai ƙirƙiri maganar ƙaguwa ba. Yawancin Musulmin Rohingya Hanafawa ne, kuma a mazhabar Abu Hanifa kifi kaɗai ake ci daga dabbobin ruwa. Har jatan lande malamansu sun yi saɓani, shin kifi ne ko a'a. Shi ya riƙe abin da ya koya, kai ka riƙe naka, kada ɗayanku ya ga baiken ɗaya.

Batun ngapi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ana samun ƙananan jatan lande ko kifi, a barbaɗa gishiri, a shanya a tabarma, a daka a turmi, a danna cikin tulu a rufe har ya nuna ya zama kamar ƙulli. Warinsa kuwa, in aka buɗe tulun a ɗaki sai kowa ya sani. To amma wa ya ce wari najasa ne? Mu da muke dafa kalwa mu rufe ta kwana biyu ko uku har ta zama daddawa, mun san bambancin abin da aka bari ya nuna da gangan da abin da ya lalace. Baƙon da bai san daddawa ba haka zai toshe hanci a ƙofar madafinmu. Malaman Masar sun fuskanci irin wannan tambaya a kan fasikh, kifin da suke jiƙawa a gishiri. Wasu sun ƙi shi saboda jinin da ke tsatsowa daga wani kifin zuwa wani, amma Shehu Ahmad Dardir, wanda ɗalibanmu na zaure suka san sunansa, ya ce tsarkakakke ne, domin ba a saka masa gishiri sai bayan ya mutu, kuma abin da ya rage a jikinsa kamar jinin da ke saura a jijiyar dabbar da aka yanka ne. Ni wannan nake ganin ya fi ƙarfi, kuma a jatan lande ma matsalar ba ta taso ba, don ba shi da jini mai gudana. Musulmin Malesiya da kake cikinsu, Shafi'awa, kullum suna cin irinsa da sunan belacan.

Abin da zai hana shi ne cuta. In launinsa ya sauya, ko ya yi funfuna, ko ka ci cikinka ya murɗa, ka bari, domin babu cuta babu cutarwa a Musulunci. In ka ci ɗanyensa kuma, ka wanke baki sosai kafin ka shiga sahu, bisa ƙiyasin hanin da ya zo a kan tafarnuwa da albasa.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne naman tudu. Mabiya Buda ba Ahlul Kitabi ba ne, saboda haka kazarsu ko naman shanun da suka yanka ba ka ci, sai in daga mahaucin Musulmi aka sayo, wanda ba shi da wuya a inda kake. Da yawansu kuma suna cin alade. Ka tambaye shi cikin ladabi: akwai romon nama ko kitsen alade ko giya a ciki? Annabi (SAW) ya ce wa Abu Sa'alaba game da tukwanen da ake dafa irin wannan a cikinsu, in ba a sami wasu ba a wanke su a ci. Tukunyar da aka wanke ta wadatar. Ba a ɗora maka binciken madafin mutane ba.

Maganar abokinka ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa mini zuciya. A 2017 Rohingya fiye da 700,000 suka tsallaka zuwa Bangaladesh, aka ƙone ƙauyukansu, kuma har yau suna cikin sansanonin Cox's Bazar. Wanda aka yi wa haka, in ya kasa haɗiye loma daga wancan ɓangaren, ba a yi masa gardama. Ka saurare shi, ka taimaka masa da abin da kake iyawa, kada ka kawo kwanon gabansa. Sai dai zafin da yake ji bai mayar da halal haram ba. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Maƙwabcinka leburan ci-rani ne ko ma'aikaci irin dubban 'yan ƙasarsu, yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka matuƙar ba ka san hannunsa a zalunci ba. Ka karɓi kwanon, ka gode, in za ka mayar kada ya koma wayam. Ko dabino ne ko ɗan kilishin da aka aiko maka daga gida, ka saka a ciki.

Wallahu a'alam.