Waya ko kwamfuta, wanne za a fara da shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ta waya kwastomomi suka fi son shiga intanet su yi hulɗa da kai, ko ta kwamfuta. Shawarata, ka fara gyara shafinka na intanet yadda zai yi aiki sosai a waya. Duk abin da yake gajere kuma ake yawan maimaitawa, kamar duba ragowar kuɗi ko biyan bil, a waya aka fi yin sa, tunda tana aljihu.

Amma fa da sharaɗi. Na lura idan ana maganar cike dogon fom, ɗora takardu ko kwatanta farashi, mutane kwamfuta suke komawa, domin babban allo yana rage kuskure. Wani ma a waya yake fara dubawa, sai ya zauna gaban kwamfuta ya biya. In ya dawo ya tarar abin da ya cike ya goge, da wuya ya sake farawa.