Bayan riba da bin doka, me ya rage a wuyan shugaban kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shugabantar wani matsakaicin kamfani. Muna biyan haraji da albashi a kan kari, ba mu taɓa karya doka ba, masu hannun jari kuma suna samun ribarsu. Duk da haka ina yawan jin ana cewa da sauran nauyi a kanmu. Da gaske akwai shi, ko dai so ake a ɗora wa 'yan kasuwa aikin gwamnati?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Shakkar da kake yi tana da tushe. A shekarar 1970 masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Milton Friedman, ya rubuta a mujallar New York Times cewa nauyin kamfani shi ne ya ƙara riba, domin shugabansa wakili ne da aka damƙa wa dukiyar wasu, ba shi da hurumin yin kyauta da abin da ba nasa ba. Ina tare da shi a kan batun amana. Sai dai ko shi ya gindaya sharaɗi, wato ban da yaudara da zamba, kuma a kiyaye ƙa'idojin al'umma, na doka da na ɗabi'a, sharaɗin da masu kafa hujja da shi sukan tsallake.

Abin da ya sa bin doka bai wadatar ba shi ne, doka a baya take biyowa, galibi sai ɓarna ta auku ake rubuta ta, alhali shugaban kamfani ya riga kowa sanin abin da ke cikin kayansa da halin da ma'aikatansa ke ciki. A 2015 kamfanin Turing Pharmaceuticals ya ɗaga farashin maganin Daraprim a Amurka, wanda masu raunin garkuwar jiki ke buƙata, daga dala 13.50 zuwa dala 750 kowace ƙwaya. Ƙarin farashin shi kansa bai saɓa wa doka ba, amma da wuya a sami mai hankalin da zai ce ba a ci haƙƙin marasa lafiya ba.

Nauyin da ya fi wuyar gani shi ne na mutanen da ba ka da wata yarjejeniya da su, amma shawararka tana isa gare su. A ranar 23 ga Afrilu, 2013, an ga tsagewa a jikin ginin Rana Plaza mai hawa takwas a Bangaladash. Banki da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe, amma aka umarci masu ɗinkin tufafi da ke sama su koma bakin aiki, washegari ginin ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka rasu. Manyan kamfanonin ƙasashen waje da ake ɗinka wa kayan ba su ne suka mallaki ginin ba, ba su ne suka ɗauki ma'aikatan ba. To amma wanda yake matsa wa ɗan kwangila a kan farashi da ranar kawo kaya, ba ya kuma tambayar a wane hali ake aikin, yana da hannu ko da kotu ba ta kama shi ba. Bayan musibar ne kamfanoni sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-ginen masana'antu, abin da babu wanda ya hana su yi tun da fari.

Akwai kuma waɗanda suka yi abin da ya dace. A 1982, da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan wani ya zuba guba a cikin maganin Tylenol, kamfanin Johnson & Johnson ya janye kimanin kwalabe miliyan 31 daga kasuwa a faɗin Amurka, ya yi asarar kusan dala miliyan 100, ya kuma faɗa wa jama'a su daina shan maganin. Gaskiya ne daga baya ya dawo da kasuwarsa, amma ba zan yi maka alkawarin cewa kullum haka take ƙarewa ba. Wani lokacin asarar takan zauna.

Kada kuma a rikita wannan nauyi da kyauta. Raba tallafi abu ne mai kyau, amma ba ya wanke kamfanin da ke zuba dagwalon masana'antarsa a ruwan da mutane ke sha ko yake jan kuɗin ƙananan 'yan kwangila wata da watanni. Haka nan sanarwa ba aiki ba ce: a 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 sun sa hannu cewa za su kula da ma'aikata, masu saye da al'umma, amma sanarwar ba ta tilasta wa kowa komai ba.

A aikace, ka fara da abin da kai kaɗai ka sani. In akwai aibi a kayanka, ko haɗari a wurin aiki, ko kuɗin da ake ɓoye wa mai saye a cikin ƙananan rubutun yarjejeniya, ka kai maganar gaban hukumar daraktoci a rubuce, tare da abin da gyaran zai ci. Ka samar wa ma'aikata hanyar kawo ƙorafi ba tare da tsoron kora ba. Wannan bai saɓa wa amanar masu hannun jari ba, domin ko Dokar Kamfanoni ta Birtaniya ta 2006, a sashe na 172, ta wajabta wa daraktoci su yi la'akari da ma'aikata, masu kawo kaya, al'umma da muhalli yayin da suke neman ci gaban kamfani.