Likita, ciwon tsakuwar ƙodar ya daina, dole ne sai na koma asibiti?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum likita. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, shekarata 41. Sati biyar da suka wuce ciwo ya kama ni a kwiɓin hagu cikin dare har da amai, da aka yi sikanin aka ce tsakuwa ce mai milimita 8 ta maƙale a bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, kuma ƙodar ta ɗan kumbura. Likita na farko ya ce in sha ruwa da magani in jira, na biyu ya ce aiki za a yi. Ni dai a fannina amsa ɗaya ce, biyu da biyu huɗu ne a ko'ina, sai kaina ya ɗaure. Wani abokin aikina ya kawo min maganin gargajiya a jarka, ya ce in haɗa da man zaitun da lemun tsami, na sha, washegari na ga wasu dunƙule-dunƙule kore a bayan gida, kuma yau sati uku ke nan babu ciwo ko kaɗan. Gaskiya ina tsoron aikin, kuɗin ma babu, ga shi kawuna wankin ƙoda ake yi masa, abin yana hana ni barci. Tunda ciwon ya tafi, tsakuwar ta narke ke nan ko? Sai na koma?

AMSA:

Wa alaikumus salam malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya ba kawu lafiya. Ka koma, kuma a cikin satin nan, kar ka ce sai an yi hutun makaranta ko sai albashi ya shigo.

Tunda lissafi kake koyarwa bari mu yi maganar da yarenka. Duk lambar da 4 ke rabawa ba saura, 2 ma tana raba ta. Da ɗalibinka zai juya ya ce ai duk wadda 2 ke rabawa 4 ma tana rabawa, jan biro za ka sa masa ka nuna masa 6. To irin wannan juyin ka yi wa kanka. Gaskiya ne in tsakuwa ta fita ciwo yakan daina. Amma wai in ciwo ya daina tsakuwa ta fita, wannan magana ce daban, kuma ƙarya ce, kuma wallahi ita ce ƙaryar da ta fi cinye ƙodar mutane a cikin duk abin da nake gani a wurin aiki.

Ciwon nan da ya sa ka amai, yawancinsa ba kartar da tsakuwar ke yi ba ne kamar yadda mutane ke zato. Fitsari ne ya taru a bayanta ya rasa hanya, ƙoda da bututun suka cika suka miƙe, bututun yana ta matsawa yana son ya turo ta. In toshewar ta daɗe, jinin da ke shiga wannan ƙodar sai ya ragu, ta rage yin fitsari, matsin ya sauka, ciwo ya lafa. Mutum ya ji garau ya koma aikinsa yana godiya ga mai magani, alhali ƙodar tana can tana lalacewa a hankali ba tare da ta ce uffan ba. Kuma ba za ka gane daga fitsarinka ba saboda ta dama tana aikin su biyun, za ka yi fitsari yadda ka saba, ko gwajin kiriyatinin, wato na duba aikin ƙoda, aka yi maka a jini yana iya fitowa daidai. Ƙodar da ta toshe gaba ɗaya, cikin 'yan makonni take fara yin asarar da ba ta dawowa, shi ya sa ko mun ce a jira ba ma wuce sati 4 zuwa 6, kuma jiran da sharaɗin za a sake hoto ne. Kai kana sati na biyar, da kumburi tun ranar farko. Akwai waɗanda suke dawo mana bayan shekara ɗaya ko biyu da wani ciwon daban, a ɗora sikanin a ga ƙodar ta zama jakar ruwa, naman ya siranta, ba abin da za a ceto, kana tambayarsu su ce ai likita tun wancan lokacin na warke.

Zai yiwu tsakuwarka ta fita ba ka lura ba? Zai yiwu, ina ma fatan haka ne. Amma hujjar da muke karɓa biyu ce kawai, ko ka gan ta da idonka ta faɗo a fitsari ka tsince ta, ko hoto ya nuna ba ta nan kuma kumburin ya sauka.

Su kuma dunƙulen da ka gani a bayan gida, malam dan Allah ka tsaya ka yi tunani, ta ina tsakuwar ƙoda za ta bi ta shiga hanji? Babu hanya. Ƙoda, bututu, mafitsara, waje, layinta ke nan. Abin da ka gani man zaitun ɗin ne ya haɗu da ruwan lemun da ruwan narkar da abinci na cikinka ya daskare ya zama wani abu mai kama da sabulu, launin koren kuma daga ruwan matsarmama ne. Mai lafiya ƙalau ma in ya sha wannan haɗin zai ga irinsu. Da su ake yaudarar masu tsakuwar matsarmama shekara da shekaru, yanzu an juyo da su kan masu ta ƙoda, ana ɗaukar hotonsu a faranti ana yawo da shi a WhatsApp da TikTok wai ga tsakuwa talatin sun fita a dare ɗaya.

Batun narkewa kuwa, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsakuwar ƙoda kalsiyam ne, akasari kalsiyam okzalet, kuma babu wani abin sha, na asibiti ko na jarka, da ke narkar da ita a cikin jikin mutum. Wadda take narkewa ita ce ta yurik asid, kusan ɗaya cikin goma, ita ma da maganin fotasiyam sitiret ne ana auna tsamin fitsari a kai shi wajen 6.5 zuwa 7, a ɗau makonni ana bibiya. Kar wani ya ji haka ya ce to bari in jiƙa kanwa, kanwa cike take da sodiyam, kuma sodiyam yana ƙara kalsiyam a fitsari.

To me ya sa mai lasifika a tasha yake da shaidu, har ya kunna maka muryoyinsu? Lissafi ne mai sauƙi. Alƙaluman da ƙungiyoyin likitocin mafitsara na Amurka da na Turai suka tattara a 2007 sun nuna tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba, kusan 68 cikin ɗari suna fita da kansu, daga 5 zuwa 10 kuma wajen 47 cikin ɗari. Ke nan in ya sayar wa mutum ɗari masu ƙaramar tsakuwa ruwan famfo mai kala, sittin da wani abu za su dawo suna sa masa albarka. Sauran ba ya ganinsu, mu muke ganinsu. Wasu ma sun ƙaro ciwo a kan ciwo, don ba wanda ya san me ke cikin jarkar, kuma ƙodar da ta rage tana aiki ita kaɗai ce za ta tace shi. In ya nuna maka lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ka sani rajistar da ake yi wa irin waɗannan magungunan ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jiki. Kai ka fi ni sanin cewa tarin misalai ba hujja ba ne. Ka tuna lissafin nan na masanin lissafi Euler, n sau n a tara da n a tara da 41, daga 0 har 39 lamba marar rabuwa yake bayarwa, sau arba'in a jere, kana sa 40 sai ya ba ka 1681, wato 41 sau 41, shi ke nan magana ta rushe. Fannin da bai yarda da shaidu arba'in a jere ba, bai kamata malaminsa ya miƙa ƙodarsa a kan shaidar abokin aiki ɗaya ba.

Saɓanin likitocin nan biyu da ya ɗaure maka kai, na fahimce ka, amma a ganina kana neman wani abu a wurin lissafi da shi kansa bai yi alkawari ba. Tabbacin lissafi mai sharaɗi ne, in an yarda da kaza da kaza to dole kaza ya biyo baya. Kusurwoyin alwatika 180 ne a kan shimfiɗaɗɗen allo, ka zana ta a jikin ƙwallo sai su haura 180, lissafin bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ne ya canja. Mu a asibiti matsalarmu tana wurin abin da aka ba mu ɗin. Wannan 8 ɗin daga sikanin na yau da kullum ta fito, shi kuma yakan ƙara wa tsakuwa girma, wani lokacin ma ba ya ganin wadda take tsakiyar bututun. Tana sama kusa da ƙoda ne ko ta gangaro kusa da mafitsara? Ta ƙasa ta fi saurin fita. Kuma 47 cikin ɗari magana ce a kan taron mutane, ba ta gaya min ko kai kana cikin 47 ɗin ko kana cikin 53. Likita na farko ya ce a gwada jira, na biyu ya dubi kumburin ya ce kar a yi caca, dukkansu suna da hujja a wancan lokacin. A sati na biyar kuwa, in har tana nan, amsar ta koma ɗaya, cirewa. Kuma kar 8 ta yi maka kama da ƙaramar lamba, bututun nan a wuraren da ya fi matsewa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, sannan tsakuwa mai 8 ta ninka mai 4 sau takwas a jiki, ba sau biyu ba, wannan kai za ka koya min.

Abin da za ka nema in ka je: hoton siti sikan na ƙoda da mafitsara wanda ba a sa allurar kala, shi ne ya fi faɗin gaskiyar girma da wuri. In kuɗinsa ya gagara, a haɗa sikanin da hoton eksire, ya fi zama a gida sau dubu. A yi gwajin fitsari har da na ƙwayoyin cuta, a duba kiriyatinin. Ka nemi ganin likitan mafitsara kai tsaye, asibitocin koyarwa suna da su. Ka faɗa masa gaskiyar abin da ka sha, ba wanda zai dake ka, muna buƙatar sani ne. Jarkar kuma ka ajiye ta daga yau. Diklofenak yana da kyau ga ciwon tsakuwa amma ba abin da za ka riƙa saya a kemis kana sha kullum ba ne, musamman ba a san halin da ƙodar take ciki ba, balle in kana da olsa.

In kuwa zazzaɓi ya zo, ko rawar sanyi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ko tsakar dare ne ka tafi imajansi. Ƙoda a toshe ga ƙwayar cuta a ciki tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma allurar maleriya ba ta buɗe ta, sai an sa roba an zuƙe ruwan. Mutane da yawa a nan suke ɓata kwana uku suna maganin maleriya da taifot.

Aikin da kake tsoro, yawanci yanzu ba yanka ba ne. Ana shiga da siririyar kyamara ta hanyar fitsari a farfasa ta da lesa, mutum yakan koma gida a ranar ko washegari. Akwai kuma na'urar da ke fasa ta daga waje, wadda aka fara amfani da ita a Munich ta Jamus a 1980, manya da suka haura santimita 2 su ake huda ta baya. Na san ba kowane asibiti ke da kayan ba kuma da tsada, ba zan ɓoye maka ba, in kana da inshorar lafiya ta ma'aikata ka fara bin takardar turawa tun yanzu don takan ci lokaci. Amma ka tambayi 'yan gidan kawu nawa suke kashewa a wata.

In an gama, a kai tsakuwar a gwada irinta, don kusan rabin masu ita takan dawo musu cikin shekara 5 zuwa 10. Ruwa shi ne babban rigakafi, a sha har fitsarin yini ya kai lita 2 da rabi, wato ka sha wajen leda 6 na fiya wata a rana, a zafin Afrilu da Mayu fiye da haka, da azumi kuma a rarraba shi tsakanin buɗa baki da sahur. Binciken likita Borghi a Parma ta Italiya a 1996 ya nuna cikin shekara biyar 12 cikin ɗari ne ta dawo wa a masu yawan shan ruwa, waɗanda ba su ƙara ba 27. Rage gishiri da dunƙulen miya, rage yawan nama, kar ka riƙa shan ƙwayar bitamin C mai yawa ba dalili. Nono da madara kuwa kar ka daina, binciken su Borghi na 2002 ya nuna masu ƙaurace wa kalsiyam sun fi samun dawowar tsakuwa a kan waɗanda suka ci shi daidai suka rage gishiri da nama.

Sannan in an sa maka siririyar robar da ake bari a cikin bututun fitsari bayan aiki, ka tambayi ranar cire ta ka rubuta a waya ka gaya wa iyalinka. Ba ta zama ba ce, in aka manta da ita watanni tsakuwa takan taru a jikinta har cirewar ta fi aikin farko wahala. Ka je a yi hoton, in sakamakon ya fito ka turo mu duba tare. Allah ya sa a tarar ta riga ta fita.