Hukuncin Ɗauko Karen Titi Daga Romaniya Don Ya Zauna Cikin Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni 'yar Katsina ce, ina aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila, daga ni sai 'yata mai shekara 14 muke zaune. Ta ga hoton wani kare a Facebook wanda wata ƙungiya ta tsamo daga titi a ƙasar Romaniya, mota ta taɓa buge shi, yana ɗingishi. Tun daga ranar ba ta da zance sai nasa. Ƙungiyar ta ce za mu biya fam 450 kuɗin mota da allurai. Na riga na ba da fam 100 kafin alƙalami, na kuma yi wa yarinyar alkawari. Sharaɗinsu shi ne karen ya zauna cikin gida tare da mu, ba a ajiye shi a waje. Wani ɗan'uwa ya ce min ai mu Malikawa ne, kare ba najasa ba ne a wurinmu, kuma ceton rai lada ne. Sannan ina aikin dare sau uku a mako, yarinyar ita kaɗai take kwana, shi ne nake ganin ko karen zai zama kamar mai gadi. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya tun motar ba ta taso ba. A bisa sharaɗin da kika ambata, bai halatta ki karɓi karen nan ba. Kuɗin da kika riga kika bayar babu laifi a kanki, tausayin da 'yarki ta ji kuma abin yabo ne, kada ki bari kowa ya kushe mata shi.

Jimla ɗaya ce a wasiƙarki ta yanke hukuncin, inda kika ce sharaɗinsu karen ya zauna cikin gida. Da cewa kika yi kina da gona a bayan gari ko garken tumaki, da amsata ta canza. Shari'a ta yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona. Malamai da yawa, har da Imam Nawawi, sun riskar da karen gadin gida da waɗannan idan buƙatar ta gaske ce, na zamaninmu kuma suka ƙara da karen da ke yi wa makaho jagora. Wanda ya ajiye kare ba don irin wannan ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani ma'auni na lada, daga ladansa kowace rana, a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare kuwa ba sai na maimaita miki ba. Ita ƙungiyar ba ta ɓoye miki komai ba. Abokin zama take ba ki, wanda zai kwanta a falo, ya hau kujera, ya bi yarinya ɗaki.

Yanzu ga maganar ɗan'uwan nan, wadda na daɗe ina jin ta a bakin 'yan'uwanmu mazauna Turai. Rabinta gaskiya ne. A mashhurin mazhabar Malik kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa da guminsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, a wurinmu bin umarni ne kawai, ba don ƙazanta ba. An ruwaito Malik yana mamakin yadda za a ci abin da kare ya farauto sannan a ƙyamaci yawunsa. Saboda haka idan karen maƙwabta ya shinshini zanenki a tashar bas, ki yi sallarki da shi, ta yi. Shafi'awa da Hambalawa sun tsananta a nan, ba kuma dole ne ki bi su ba.

Inda ya zame shi ne ya haɗa babi biyu da malamai suka raba. Tsarkin jikin dabba mas'ala ce ta sallah da ruwan alwala. Ajiye ta a gida mas'ala ce dabam, da nata dalilan. A ƙa'idar nan ta Malikiyya cewa duk mai rai tsarkakke ne, alade ma yana ciki matuƙar yana da rai. Ko ɗan'uwan zai ce a sayo shi a sa a falo? Malik ɗin da ya ce kare ba najasa ba ne, shi ne ya ruwaito hadisin ƙiraɗi a cikin littafinsa Muwaɗɗa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaurukan Katsina da Zariya, ta faɗa ƙarara cewa ba a riƙon kare a gidaje, na birni ko na ƙauye, sai don gona, ko dabbobin da zai raka daji ya dawo da su, ko farautar neman abinci ba ta wasa ba. To da wane Malikancin ake kafa hujja?

Mafi ƙarfin abin da masu wannan ra'ayi za su riƙe, in sun san shi, shi ne maganar Ibn Abdil Barri, babban malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira. Ya ce tunda hadisin ya ambaci raguwar lada ne bai ambaci zunubi ba, ajiye kare makaruhi ne, bai kai haramun ba. Magana ce ta malami, ba a yi mata dariya. Amma Ibn Hajar ya amsa masa da cewa ba dole ba ne hakan, don mai yiwuwa ne zunubin ajiyewar ne ake auna shi da ƙiraɗi a cire daga lada, ka ga ke nan ragin shi kansa uƙuba ne. Ni wannan ya fi kwanta min. Makaruhi a ma'anarsa shi ne abin da ake ba wanda ya bar shi lada, ba a hukunta wanda ya yi. Abin da ake ɗebe wa mutum ladan da ya riga ya wahala ya samu saboda shi, kullum garin Allah ya waye, ya fi ƙarfin a kira shi makaruhi. Ko da kuma mun sallama masa, ki duba lissafin da kyau. Kare yakan yi shekara goma zuwa goma sha uku a duniya. Ke mai fita aikin dare kina jinyar marasa lafiya, kina tashi asuba cikin sanyin Ingila, za ki yarda a riƙa zaftare miki kullum har tsawon wannan lokaci a kan abin da ba dole ba? Ibn Abdil Barri kansa bai ce a yi ba, cewa ya yi barin ya fi.

Sauran hujjojinsu ba su kai wannan ba. Karen Ashabul Kahfi, Alƙur'ani ya nuna shi a bakin ƙofa ya miƙe hannuwansa, ba a tsakiyar samarin ba. Maganar Ibn Umar cewa karnuka suna shiga masallacin Annabi (SAW) suna fita ba a yayyafa ruwa, tana nuna sauƙi ne a babin tsarki, ba ta ce wani sahabi ya ɗauki ɗayansu ya kai ɗakinsa ba.

Batun ceton rai kuwa, lada ne babu shakka. Mutumin da ya shiga rijiya ya ciko huffinsa, wato safarsa ta fata, da ruwa, ya riƙo da baki ya hauro ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Ki lura, shayar da shi ya yi ya wuce. Ciyarwa, shayarwa, magani, hana yara jifa, duk ibada ne. (Mu a gida ma a nan muka gaza, inda yara za su ɗaure kwikwiyo da igiya suna ja a kwararo manya na kallo, wai don kare ne.) Matsalar Romaniya kuma gaskiya ce ba ƙirƙira ba. Tun zamanin Caushesku, tsohon shugaban ƙasar, da aka rushe unguwanni aka kwashe mutane zuwa benaye, karnuka suka cika tituna. A watan Satumban 2013 karnuka suka kashe wani yaro ɗan shekara huɗu a Bukarest, babban birnin ƙasar, majalisa ta yi dokar da ta ba da damar kashe karen da ya yi kwana 14 na aiki a matsugunin gwamnati ba a zo an ɗauke shi ba. Daga nan ne hotunan nan masu karya zuciya suke fitowa. Amma a bisa bayaninki wannan karen yana hannun ƙungiya, an riga an cece shi. Ransa bai rataya a wuyanki ba. In ba ki karɓa ba, wani gidan za a nema masa. Lalurar da za ta sa a ce wajibi ne ita ce ki tsinci kare da rauni a bakin titi babu mai taimakonsa sai ke. Nan kam ki ɗauke shi, ki kai shi wurin likitan dabbobi, ki ajiye shi a harabar gida kwana ɗaya ko biyu har ma'aikacin ƙaramar hukuma mai kula da ɓatattun karnuka ya zo. Wannan jinya ce, ba ta shiga hadisin ƙiraɗi.

Sai maganar gadi, wadda kika sako a ƙarshe. Ki yi min afuwa, na ga kamar bayan zuciya ta gama yanke shawara ne aka nemo ta. Gadi na gaske uzuri ne. Malaman da suka yi sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare a gidansa a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Amma shi tsoro ne ya sa shi neman kare. Ke kare kika gani tukuna. Karen titi da mota ta buge, aka ɗauko shi a keji kwana biyu ko uku a mota, galibi matsoraci ne. Ƙarar injin wanki kaɗai takan sa shi ɓuya a ƙarƙashin tebur, wasu kuma da an buɗe ƙofa suke arcewa. Ba shi zai tsare 'yarki ba, ita za ta tsare shi. Kada kuma a raya miki ki sa hannu a takardar, in ya iso ki kafa masa ɗan ɗaki a bayan gida. Musulmi suna kan sharuɗɗansu, wannan yaudara ce, sannan kare mai ɗingishi a waje cikin hunturun arewacin Ingila azabtarwa ce da za a tambaye ki a kanta.

Tunda ke ma'aikaciyar jinya ce, bari in ƙara miki abin da ba ki tambaya ba, ko don ki faɗa wa wanda yake da uzurin ajiye kare. Akwai cutar Burusela ta karnuka, 'yar'uwar wadda makiyaya ke kira bakkale a shanu. Tun daga 2020 ake ƙara samunta a Birtaniya, yawanci a karnukan da aka shigo da su daga gabashin Turai, musamman Romaniya, a 2022 kuma aka tabbatar ta kama mutum a ƙasar. Kare zai iya ɗauke da ita ba alamar komai, ba ta kuma da tabbataccen magani a jikinsa. Dokar shigowa tana neman a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi masa rigakafin haukan kare bayan ya kai mako 12, a jira kwana 21, a ba shi maganin tsutsar ciki kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya shigo. Duk da haka a 2022 gwamnati ta dakatar da shigo da irin waɗannan karnuka daga Romaniya da wasu ƙasashen gabashin Turai na tsawon watanni saboda shakku kan takardun lafiya. Ba kowace ƙungiya da ke da shafi da hotuna ce abin amincewa ba.

Kuɗin fam 450, in dai da gaske na mota da allurai da takardu ne, ladan aiki ne, bai shiga hanin cin kuɗin kare ba. Fam 100 ɗinki ki nemi a mayar miki. In sun ƙi, ko kika ga dama, ki yi niyyar sadaka ce don abincinsa da maganinsa, za ki sami lada. Kuna ma iya ɗaukar nauyinsa duk wata yana can inda yake, in kin bincika kin tabbatar ƙungiyar tana da rajista. Amma daga kuɗin sadaka, ba daga zakka ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki ba karen ba ne, kada mu bar jaki muna dukan taiki. Yarinya 'yar shekara 14 tana kwana ita kaɗai dare uku a mako, a ƙasar da ba dangin uwa ba na uba. Wadda ta ga hoton dabba mai rauni ta kasa daina zancensa, kewa ce take damunta. Dokar Ingila ba ta yanke shekarun barin yaro shi kaɗai ba, amma ƙungiyar kare haƙƙin yara ta NSPCC tana ba da shawarar kada a bar wanda bai kai 16 ba ya kwana shi kaɗai, in wani abu ya faru kuma ke za a tuhuma. Ban ce ki bar aikinki ba, na san da shi kuke ci, da shi ake aika wa gida. Ki nemi a sauya miki jadawali, ko ki sami wata 'yar'uwa amintacciya a masallacinku da yarinyar za ta riƙa kwana wurinta, ko ɗaliba Musulma da za ki ba ɗaki.

Alkawarin da kika yi mata ba ya zama dole tunda abin bai halatta ba. In rantsuwa kika yi da Allah, ki yi kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku. Ki zaunar da ita ki faɗa mata gaskiya, cewa kin yi alkawari kafin ki tambaya. Kada ki ce mata kare la'ananne ne ko ƙazami, don za ta shiga intanet ta gano ba haka ba ne, daga nan ta fara shakkar sauran abin da kika koya mata. Ki nuna mata hadisin mai huffi da hadisin ƙiraɗi tare. In tana son dabbar da za ta riƙa shafawa tana ba ta abinci, kyanwa halal ce, Annabi (SAW) ya ce tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, matsugunan dabbobi a garinku kuma ba su rasa waɗanda ke jiran gida. Ki fara duba takardar hayarki ko mai gidan ya yarda da dabba, sannan ki bar ta ta zaɓa da kanta.

Wallahu a'alam.