Matsalar ta wuce amma har yanzu bacci ya ki dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min. Wata hudu da suka wuce na shiga wata matsala a wajen aiki, tun lokacin bacci ya kaurace min. Yanzu alhamdulillah komai ya daidaita amma in na kwanta sai wajen karfe 3 nake runtsawa, zuciya na bugawa ga tunani kala kala. Abin mamaki a kan kujera ina gyangyadi, ina hawa gado ido ya bushe. In fara shan maganin bacci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya kawo sauki. Wannan maganar da kika yi ta kujera da gado ita ce ta fi daukar hankalina, zan dawo kanta.

Kinga in mutum ya shiga damuwa, kwakwalwa bata banbance matsalar ofis da hatsari na gaske, sai ta tura sako zuwa wasu 'yan kananan halittu biyu da ke zaune a saman koda su saki sinadarin adirinalin da kotisol. Aikinsu su sa ki zama a farke cikin shiri, shi yasa kike jin bugun zuciyar nan. A ka'ida kotisol yana sauka kasa sosai wajen tsakar dare, ya hau da safe dan ya tashe ki, toh damuwa tana iya rike jiki a wannan shirin har cikin dare. Kuma rashin baccin shi ma yana kara sa abu kadan ya bata miki rai washegari, kowanne na ciyar da dan uwansa.

Amma ke matsalarki ta wuce, me yasa baccin bai dawo ba? Wani masani a Amurka mai suna Arthur Spielman ya yi bayanin wannan tun 1987, cewa abin da ya tayar da rashin bacci daban, abin da ke rike shi daban. Wata hudu kina kwanciya kina juyi kina duba agogo kina lissafin awa nawa ya rage, har kwakwalwarki ta koyi cewa gado wajen fargaba ne. A kujera babu wanda ya ce dole sai kin yi bacci shi yasa yake zuwa da kanshi. Yanzu damuwarki ta koma tsoron rashin baccin ne, kuma wallahi wannan ana warkewa.

In ya kai dare 3 a sati har tsawon wata 3 yana kuma taba ayyukanki da rana, mu likitoci mun dauke shi rashin bacci mai dadewa, kuma abin da ake fara bada shawara shine gyaran dabi'a da tunani da ake kira CBT-I, kafin kwaya. Ga inda zaki fara. Kar ki hau gado sai bacci ya kama ki da gaske. In kin yi kamar minti 20 baki yi ba ki tashi ki zauna wani wuri mai karancin haske, ba waya, sai kin ji gyangyadi ki koma, ko sau nawa ne. Ki tashi lokaci daya kullum ko da daren ya yi muni, kar ki rama da rana, na san da wuya kwanakin farko amma gajiyar ce zata jawo baccin dare. Ki juya agogo baya. Da yamma ki dauki biro ki rubuta abin da ke ranki da abin da zaki yi akai gobe, dan kar ya biyo ki gado. Duk abu mai kafeyin (sinadarin hana bacci da ke cikin irin su kofi da shayi) ki bar shi daga tsakar rana, rabinsa na nan a jini bayan awa 5 zuwa 6.

Maganar kwaya kuwa dan Allah kar ki saya da kanki. Irin su diazepam jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni, in kin daina rashin baccin ya dawo fiye da da.

In kina jin bakin ciki mara dalili, ko kin daina jin dadin komai, ko ana ce miki kina minshari numfashi na daukewa, ko bugun zuciyar na zuwa har da rana kina ramewa, ki ga likita ido da ido a duba ki. In tunanin cutar da kanki ya taba zuwa miki kuma, yau zaki je ba gobe ba. Ki gwada sati 2 ki sake rubuto min yadda ake ciki.