Tarin fuka a idon sawu: za a yanke ƙafar ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ne mai shekara 19, idon sawunsa ya kumbura tun wata takwas, yanzu har ruwa yake fitarwa. An ɗebi nama an gwada, aka ce tarin fuka ne na ƙashi, za a yi masa aiki. Amma yaron nan ba ya tari. Dangin babansa sun ce jifa ne, kuma asibiti yanke ƙafar za su yi. Ko barci ba na iyawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, da wuya wannan ciwo ya kai ga yanke ƙafa. Buɗe wurin ake yi, a kwashe mugunya, a kankare ruɓaɓɓen nama da mataccen ƙashi. In gaɓar ta riga ta cinye, sai a haɗe ƙasusuwan da ƙarfe su zama guda. Idon sawun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, amma zai taka ƙasa ba zogi. Magani ne ke kashe cutar, ba wuƙa ba: iri huɗu na wata 2, sannan iri biyu na wata 10, kyauta a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tarin fuka. Fitsarinsa zai yi ja saboda rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan, kada ki firgita.

Maganar "ai ba ya tari" kuwa ta ishe ni. Ƙwayar cutar ta huhu take shiga, ta bi jini ta laɓe a ƙashi shekara da shekaru, huhun kuma a ɗauki hotonsa a gan shi tas. Rashin tari bai wanke kowa ba. Amma da wannan hujja ake kai yaro wurin mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ya murɗa ƙashin da ya riga ya yi laushi. Daga nan wanzami ya tsaga kumburin, ya kafa ƙaho, ya buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa. Sai turare, sai rubutu, wata shida ta wuce. Ranar da aka zo asibitin ƙashi na Dala a Kano guringuntsi ya ƙare, a koma ana cewa likitoci ba su da aiki sai yanka. Wa ya cinye gaɓar? Da an zo da wuri, da yawansu shan magani da hutar da ƙafa a filasta sun wadatar.

Masu cewa jifa ne ba su za su goya shi ba in ya gurgunce. Ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. Ki tafi da babansa ranar ganin likita, a nuna masa hoton ƙashin ya gani da idonsa.