Tambaya da Amsa: Wata Guda a Alƙahira da Ɗan Guzuri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jidda ne a unguwar Sabil, iyayena kuwa mutanen Katsina ne. Aikina fassara ce daga Larabci zuwa Hausa, wadda nake yi wa wani kamfani ta intanet, saboda haka duk inda na ajiye kwamfutata nan ne ofishina. Na daɗe ina sha'awar ganin Alƙahira, kuma yanzu na tara abin da zai ishe ni kuɗin jirgi da hayar ɗaki na wata guda da abinci, amma bayan waɗannan babu wani abin kirki da zai rage. Wani abokina ya ce mini a Masar ko bango ka kalla sai ka biya. Shin akwai wuraren da baƙo zai gani kyauta, kuma yaya zan haɗa yawon da aikina, wanda nake farawa bayan azahar na tashi bayan isha'i? Daga Bakatsine mazaunin Jidda.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Dalar Giza da gidajen tarihi da ganuwar Salahuddin da lambun Azhar duk sai da tikiti, kuma farashin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. Sai dai mafi yawan abin da ya sa Alƙahira ta zama Alƙahira yana cikin masallatai ne da lunguna, kuma babu mai tare Musulmi a ƙofar masallaci lokacin salla ya ce ya kawo kuɗi. Mai yawon buɗe ido na kwana uku dole ya sayi sauri da kuɗinsa, kai kuwa kana da safiya talatin a hannunka, don haka shawarata ita ce ka ɗauki unguwa ɗaya kowace safiya, ka taka ta da ƙafa, ka koma ɗakinka kafin azahar.

Ka fara da masallacin Azhar. Jauhar, babban kwamandan Fatimiyawa, daular da ta kafa Alƙahira, shi ya aza harsashinsa a shekarar 970, aka fara salla a ciki a 972, kuma har yau za ka tarar da malami ya jingina da ginshiƙi ɗalibai sun kewaye shi. Ka cire takalmanka ka riƙe su a leda, ka zauna a farfajiyar nan ta farin marmara ka ɗaga kai ka dubi hasumiyar Sarki Ghuri mai kai biyu. A da an raba wa ɗalibai baƙi masauki a jikin masallacin gwargwadon ƙasashensu, ana kiran kowane sashe riwaƙi, kuma a cikinsu akwai na Barnawa da na mutanen Sinnar da na Darfur. Tun kafin haka, a ƙarni na 13, mutanen Kanem sun ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, tsohon birnin da yanzu yake cikin Alƙahira, domin alhazansu da ɗalibansu. Kai da yake Bakatsine ne, akwai abin da ya fi shafarka: Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Haka nan Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a birnin a 1505, ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Idan ka fito, ka bi lungunan bayan masallacin inda shagunan littattafai suke jere; duba littafi ba ya cin ko sisi, ko da yake mai aikin fassara irinka da wuya ya fita hannu rabbana, saboda haka ka bar yawancin kuɗinka a ɗaki.

Daga Azhar tafiyar mintuna kaɗan ce zuwa titin Mu'izz, wanda ya miƙe kimanin kilomita ɗaya daga ƙofar Futuh a arewa zuwa ƙofar Zuwaila a kudu. Kai da ka saba da yawo a Balad, tsohon garin Jidda, za ka gane irin wurin nan take, sai dai nan gine-ginen sarakuna ne na dutse ba gidajen attajirai masu tagogin katako ba. Badar al-Jamali ya gina ƙofar Futuh da ta Nasar a 1087, ta Zuwaila kuma a 1092. Masallacin Hakim da ke jikin ganuwar arewa, wanda aka kammala a 1013, ana shigarsa kyauta, kuma da hantsi ba ka jin komai a cikinsa sai kukan tattabaru. Ka tsaya a gaban ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125 ka dubi sassaƙar fuskarsa da kyau. Ginin Sarki Ƙalawun da makarantar ɗansa Nasir Muhammad da ta Sarki Barƙuƙ sai da tikiti idan za a shiga, amma abin da ke waje ma ya isa kallo, kuma yana da kyau ka tuna cewa wannan Nasir Muhammad shi ne sarkin da ya karɓi baƙuncin Mansa Musa na Mali a 1324 a hanyarsa ta zuwa hajji. Idan ka wuce ƙofar Zuwaila za ka faɗa rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, Khayamiyya, inda za ka ga tela a zaune a shagon da bai fi tabarma biyu ba yana ɗora ƙyalle a kan ƙyalle da allura. Shi kuwa Khan al-Khalili, ka ratsa shi sau ɗaya don ka ce ka gani, domin a ganina ya zama kasuwar tsaraba kawai.

Wurin da na fi so ka ba shi safiya guda cur shi ne masallacin Ahmad Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, kuma shi ne mafi tsufan masallacin birnin da ya rage a kan siffarsa ta asali. Da jan bulo aka gina shi, farfajiyarsa tana da faɗin da za ka ji kamar ka fita daga gari, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take tana naɗe jikinta, irin salon Samarra ta Iraƙi inda Ibn Ɗulun ya tashi. Ranar da na je ban biya kuɗin shiga ba, amma a bakin ƙofa wani dattijo ya durƙusa ya ɗaura mini wata jakar ƙyalle a kan kowane takalmi tun kafin na buɗe baki, sannan ya miƙe ya tsaya yana dubana. Da na laluba aljihu ban sami ƙananan kuɗi ba sai babbar takarda guda, kunya ta hana ni neman canji, na miƙa masa kuɗin da zai ishe ni abincin rana biyu. Wannan shi ne bakshish, kuma shi ne ramin da ke cinye guzurin wanda ya zo neman kyauta. Maganinsa shi ne ka riƙa yawo da canji a aljihun gaba, ka ba mai tsaron takalmi da mai buɗe maka ƙofar hasumiya abin da ya sauwaƙa, domin haƙƙinsu ne a al'adar wurin. Wanda kuwa ya manne maka a titi yana ba ka tarihin da ba ka tambaya ba, ko ya ce masallaci a rufe yake amma shi ya san wata ƙofa, ka ce masa shukran ka ci gaba da tafiyarka. Larabcinka zai taimake ka ƙwarai, amma da zarar an ji harshen Hijaz a bakinka za a ɗauka riyal ne cike da aljihunka, don haka ka tambayi farashin shayi kafin a zuba maka.

Wata safiyar ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, ka sauka a tashar Mar Girgis. A nan masallacin Amru ɗan Asi yake, wanda aka kafa wajen 642, ko da yake an sha rushe shi ana sake ginawa har babu abin da ya rage na ginin farko. Kusa da shi akwai tsofaffin majami'un Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ake shiga kyauta, gidan tarihinsu ne kawai ake biya. Ka lura da taragun tsakiya na jirgin, na mata ne zalla. Ranar Juma'a da Asabar, tunda hutun Masar daidai yake da na Saudiyya, ka je gadar Ƙasrun Nil mai zakunan tagulla huɗu da la'asar sakaliya ka sha iskar kogi, sannan ka koma titin Mu'izz da dare lokacin da aka kunna fitilu a jikin gine-ginen. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko sojoji ko ginin hukuma.

Game da aiki, agogo ba zai wahalar da kai ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Masar ɗaya yake da na Jidda, sauran watannin kuma Masar tana baya da awa guda, wato aikinka zai fara da wuri kaɗan, safiyarka ta ragu. Abin da ya kamata ka bincika kafin ka biya haya shi ne intanet, domin na gidajen Masar ma a ƙayyade yake, idan adadin watan ya ƙare sai ya koma tafiyar hawainiya. Ka tambayi mai gidan yawan abin da ya saya, kuma ka sayi layin waya da fasfonka tun a filin jirgi domin ya zama madogara. An yi fama da ɗauke wuta a bazarar 2023 da ta 2024, saboda haka kada ka bar batirin kwamfutarka ya yi ƙasa. Idan ka sami ɗaki a tsakiyar gari kusa da Ataba, da ƙafa za ka riƙa zuwa Azhar. Idan kuma ka fi son arha da jin Hausa, ka nemi ɗalibanmu na Azhar da ke zaune a Abbasiyya da Madinat Nasar, su ne suka san inda ake samun ɗaki da inda ake sayar da kushari, wato haɗin shinkafa da taliya, da wake mai rahusa.

Ka nemi bizar Masar tun kana Jidda, ka kuma tabbatar iƙamarka, wato takardar zama a Saudiyya, da izinin fita da dawowa sun zarce kwanakin tafiyar. Daga cikin ɗan abin da ya rage maka, ka ware kuɗin tikiti guda na dalar Giza, ka tafi da katin banki domin yawancin wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi, ka isa da sassafe kafin motocin baƙi su cika wurin. Idan tafiyar ta faɗo a Disamba ko Janairu, ka saka rigar sanyi mai kauri a jakarka, domin sanyin asubar Alƙahira ba irin na Jidda ba ne.